Rumbun da ke kan tudun Storm King

"Yanzu kai duk abin kallon da ke cikin New York bai ishe ka ba, sai ka tafi daji kallon gumaka?"

Abin da Kawu ya tare ni da shi ke nan a daren da na ce masa ina son zuwa Storm King, wani filin baje ayyukan sassaƙa da ke wajen birni, don in ga aikin wani mutum. Muna zaune a ɗakinsa na Bronx, ya dawo daga tuƙi, yana ta fifita shayi tsakanin kofi biyu. Na ce, "Kawu, ai ba gumaka ba ne. Mutumin nan masassaƙi ne, amma da wuya ku ga ido ko hanci a aikinsa." Ya dube ni ya ce masassaƙin da ya sani shi ne mai turmi da akushi, wanda ba turmi ba akushi kuwa bai san sunansa ba. Amma da gari ya waye, shi ne ya riga ni saka takalmi. Wai ba zai bar ɗan 'yar uwarsa ya ɓace a ƙasar mutane ba, Inna ta cinye shi ɗanye.

A watan Oktoba ne na 2023. Muka haye gadar George Washington muka faɗa New Jersey, daga nan muka ɗauki hanyar Palisades muka nufi arewa. Hanya ce da manyan motoci ba sa bi, itatuwa dama da hagu, ga shi lokacin da ganye ke rinewa kafin ya zube: wani ja, wani kamar an tsoma shi a manja. Bayan Bear Mountain hanya ta fara hawa tana nannaɗewa, muka wuce ta gefen West Point inda makarantar sojan Amurka take, kogin Hudson yana ɓullowa can ƙasa yana ɓacewa. Awa ɗaya da 'yan kai muka yi. Kawu ya shekara da shekaru yana tuƙi a birnin nan, amma ya ce bai taɓa sanin akwai duwatsu haka a bayan gida ba.

A hanya ne na ba shi labarin mutumin da ya sa muka fito. Sunansa Martin Puryear, baƙar fata ne, an haife shi a Washington a 1941. Ni kuwa na fara sanin sa ne tun ina ɗalibin zanen gine-gine a Zariya, ranar da na ci karo da hoton wani tsani a cikin mujalla. Tsani ne na itace mai tsawon ƙafa 36, a karkace yake kamar hanyar macijiya, kuma a rataye, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Daga gindi faɗinsa ya kusa ƙafa biyu, amma yana hawa yana tsukewa, har can ƙoli bai fi faɗin yatsu biyu ba. Itace guda ya tsaga biyu ya yi gefunan. A 1996 ya yi shi, ya sa masa sunan Booker T. Washington, mutumin da aka haifa cikin bauta ya zo ya jagoranci makarantar Tuskegee, yana koya wa baƙaƙen Amurka cewa da sana'ar hannu da haƙuri za su hau sannu a hankali. Tsanin yana Fort Worth a jihar Texas, ban samu zuwa ba. Da na kwatanta wa Kawu shi, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Wannan ai tsanin takardun zama ne." Ban ce komai ba, don na san shekarun da ya kwashe kafin nasa su fito.

Abin da ya fi jan hankalina a tarihin Puryear shi ne inda ya koyi aikin. Bayan ya gama jami'a a 1963, ya tafi Saliyo a ƙarƙashin shirin nan na Amurka mai tura matasa aikin sa kai, ya yi shekara biyu daga 1964 zuwa 1966 yana koyarwa a makarantar sakandare a garin Segbwema. A can ya riƙa zama wurin kafintoci da masassaƙa, mutanen da ba su da injin ko ɗaya, sai hannu da ido. Daga nan ya wuce Stockholm a ƙasar Suwidin ya yi shekara biyu a makarantar fasaha, nan ma ya liƙe wa masu haɗa kujeru da akwatuna. Sai daga baya ya je jami'ar Yale a Amurka ya gama a 1971. A lokacin, abin da ake yayi tsakanin manyan masu wannan sana'a a Amurka shi ne mutum ya zana abu a takarda, ya aika masana'anta ta ƙera masa, ko taɓawa ba zai yi ba. Shi kuwa ya ƙi sakin itacen. Yana lanƙwasa shi, yana saƙa shi kamar kwando, yana haɗa shi kamar mai gina kwalekwale, wani lokaci ya ɗinka ragar waya ya shafe ta da kwalta.

A 1977 gobara ta cinye ɗakin aikinsa a Brooklyn da yawancin abin da ya tara, kuma a shekarar ce gidan baje kayan fasaha na Corcoran da ke Washington ya baje aikinsa shi kaɗai. Daga nan tauraronsa ya fara haske. A 1989 ya wakilci Amurka a babban bajen koli na São Paulo a Birazil ya ɗauko babbar kyauta, a shekarar kuma aka ba shi kyautar MacArthur. Chicago ta tattara aikinsa ta nuna a 1991, sannan gidan MoMA na New York ya yi nasa a 2007, aka zagaya da kayan zuwa Fort Worth da Washington da San Francisco. Shugaba Obama da hannunsa ya rataya masa lambar girmamawa ta ƙasa a fannin fasaha. Kawu ya ce duk wannan ya ji, amma shin mutumin yana samun kuɗi? Na ce da alama dai ba ya kwana da yunwa.

Storm King fili ne mai kimanin eka 500 a New Windsor, an kafa shi a 1960, kuma ba gidan tarihi ba ne irin wanda ake shiga a rufe ƙofa. Tuddai ne da kwaruruka da ciyawa, an warwatsa ayyukan a ciki, kowanne da nasa sarari. Da muka shiga, abin da ya fara tsone mana ido shi ne ƙarafan Mark di Suvero, manya-manyan ginshiƙan ƙarfe irin na gada, an jingina su da juna an shafa musu jan fenti. Kawu ya ce a kasuwar Kofar Ruwa ta Kano da tuni an auna su a sikeli. Muka leƙa aikin Maya Lin, inda aka mulmula ƙasa ta yi tudu-tudu kamar igiyar ruwa, ciyawa ta rufe. Wanda ya tsayar da Kawu shi ne katangar Andy Goldsworthy, ta dutse zalla ba siminti, ta fi ƙafa dubu biyu, tana kewaye itatuwa ɗaya bayan ɗaya kamar tana gaishe su, ta nutse cikin tafki ta ɓullo a ɗaya gefen. Ya sa hannu ya girgiza wani dutse, ya ƙi motsi. Ya ce wannan kam magini ne.

Aikin Puryear yana can kan tudu a gefen arewa, cikin itatuwa, sai an ɗan yi haki kafin a kai. Lookout ne sunansa, wato wurin hange, kuma wata guda kacal da buɗe shi muka je. Na sha ganin hotonsa a waya, amma hoton bai gaya mini cewa zan ji kamar na san shi ba. Jan bulo ne tun daga ƙasa har sama, tsayinsa ƙafa 20. Ta gaba baki ne a buɗe kamar ƙofar zaure, sai jikin ya tafi kamar rami, ya lanƙwashe ya miƙe sama ya ƙare da kai mai zagaye. Duk jikinsa huda ne, zagayayyu, manya da ƙanana, guda 90. Kawu ya zagaya shi sau ɗaya, hannu a baya, ya ce, "Rumbu ne ya gaji ya zauna."

Ni kuwa layin bulon nake bi da ido. Magini ya san bulo a kwance ake jera shi, sahu kan sahu. Nan kuwa sahun a jingine yake, kowane zagaye ya kwanta a kan na bayansa, kuma karkatar tana sauyawa kaɗan-kaɗan har ramin ya zama hasumiya ba tare da ka ga inda aka yi gaɓa ba. Dabarar ta mutanen Nuba ce, na kudancin Masar da arewacin Sudan, waɗanda tun zamanin da suke rufa ɗaki da tubali ba tare da sun kafa katakon da zai tallafe rufin kafin ya bushe ba, don itace ya yi musu ƙaranci. Puryear ya haura shekara 80 lokacin da aka gama ginin, kuma shi ne aikinsa na farko da bulo. Ba shi ya jera su duka da hannunsa ba, da gwanayen magina da injiniyoyi aka yi. Na ɗan ji wani iri da na tuna haka, tunda hannun nasa ne ya kawo ni, amma ko shahararren maginin nan Babban Gwani ai ba shi kaɗai ya cuɗa ƙasar masallacin Zariya ba.

Masallacin nan ne ya faɗo mini da na shiga ciki na ɗaga kai. Kakana na wajen uba magini ne, kuma tun ina ƙarami yake kai ni tsohon masallacin Juma'a na Zariya, wanda aka gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, ya nuna mini bakan gizo. Ya ce in duba yadda ake ɗaure azara a kan azara, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, daga wannan bango da wancan, har su haɗu a tsakiya a lulluɓe su da ƙasa. Dabarar ba ɗaya ba ce da ta Nuba, mu da azara muke yi, su da tubali tsantsa. Amma tambayar da maginin yake amsawa ɗaya ce: yaya za a sa abu mai nauyi ya tsaya a kan iska? Kakana ya rasu yana ganin sana'arsa ta zama ta wanda bai samu kuɗin siminti ba. Ga ni kuma na biya kuɗin shiga a Amurka, na hau tudu, ina layi da Turawa don in shiga ƙarƙashin irin abin da ya yi ta yi a kan ladan da bai taka kara ya karya ba.

A ciki akwai daɓen duwatsu, kuma akwai wani wuri guda da in ka tsaya, hudojin nan duka suna fuskantarka, ka ga waje ta kowacce a lokaci ɗaya. Wata dattijuwa ce ta nuna mana, ta ja Kawu da hannun riga ta tsayar da shi. Ta wannan huda reshe, ta waccan gajimare, ta wata kuma ganye ja guda ɗaya yana rawa. In ka matsa taku ɗaya sai rabinsu su rufe. Ta bakin ƙofar kuma fili ne ya shimfiɗe har zuwa duwatsu. Kawu ya daɗe a tsaye, har na fara jin kunyar mutanen da ke jira a bayanmu. Da ya fito bai yi maganar gumaka ba, sai ya tambaye ni ina gabas.

Bayan mun yi azahar a kan ciyawa, muka buɗe shinkafa da waken da muka sayo wurin wata 'yar Zangon Kumasi a Bronx, na nuna masa hotunan abin da Puryear ya kai bajen kolin Venice na Italiya a 2019, shekarar da ya wakilci Amurka a can. Akwai wata ƙatuwar jar hula ta itace mai lanƙwasasshen kai, irin wadda masu juyin juya halin Faransa suka mayar alamar 'yanci. Mutumin Kano dai in ya ga jar hula wani abu daban zai tuna, kuma Kawu bai bar wannan ta wuce ba. Akwai wata ta tagulla da ya kira Aso Oke, wadda ya ɗauko siffarta daga hular Yarbawa. Sai kuma farin ginshiƙi da aka soka wa ƙarfe mai tsatsa da mari a ka, don tunawa da Sally Hemings, baiwar da Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, ya mallaka ya kuma haifi 'ya'ya da ita. A ganina wannan ne ya fi kowanne nauyi, kuma ko a nan bai sassaƙa fuskarta ba. Da na sake duban Lookout daga inda muke zaune, sai na ga ashe shi ma da ɗan kamannin hular nan.

Da la'asar sanyi ya fara shiga ƙashi muka kamo hanya. Sai a dawowa ake biyan kuɗin gadar George Washington, kuma Kawu ya yi mitar su tun daga New Jersey har ƙofar gida, ya ce a lissafina zai sa. Da dare na ga ya tura hoton ginin a zauren WhatsApp na dangi, ya rubuta a ƙasa cewa rumbun wani Ba'amurke ne da ya yi koyo a Saliyo. Kafin mu kwanta Inna ta aiko da saƙon murya daga Zariya, tana tambaya wane irin rumbu ne wannan duk huda, ko su can ba su da ɓera.