Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Cikin da Yaya Ya Rantse a Kai

Makon jiya na tsaya a inda aka rufe masaƙa muka dawo gida muna kallon juna. Shekarun da suka biyo baya ba su da abin faɗa, sai dai a cikinsu ne na fara kiwon kifin ado a tankin gilashi, a ɗakin zaure a Kakuri, Kaduna. Gupi da moli na fi ajiyewa, irin waɗanda ba sa zuba ƙwai, 'ya'ya suke haifa da ransu suna iyo.

Kun san Yaya. Tun da ya haƙa ramin tarwaɗa biyu, ya ɗauka duk abin da ke numfashi a ruwa shi ne malaminsa. To tarwaɗa ƙwai take zubawa, ina ya taɓa ganin haihuwar kifi?

Allah Ya jiƙan Inna, ungozoma ce ta gaske. In aka kawo mata mace ciki ya tasa, takan ce, "Ciki yana da wa'adi, kumburi ba shi da rana." Muna yara dariya muke yi. A gaban tankin nan na gane abin da take nufi. Macen gupi tana ɗaukar ciki kamar mako 4, in ruwa ya yi sanyi da hunturu ta ɗan ƙara kwanaki. A hankali cikin yake tasowa, ta ƙasa da ta baya, baƙin tabon nan na kusa da dubura yana ƙara duhu da faɗi. In haihuwa ta matso, cikin ya daina zama zagayayye ya yi kusurwa, wani lokaci har idanun 'ya'yan kana hangowa ta fata, ɗigo-ɗigo. Kuma tana cin abinci, tana kai da kawo, sai gab da naƙuda ta nemi lungu ta laɓe.

Wata baƙar moli tawa kuwa, cikin 'yan kwanaki ta cika ta batse. Yaya ya shigo da yamma, ya duƙa, ya ce, "Ƙanena, wannan ai gobe-gobe za ta haihu. Ka ajiye wa yarana goma."

Na ce, "Yaya, da dai ka leƙo ta sama ka gani."

Bai leƙa ba. Baƙar moli ba a ganin tabonta, shi ya samu abin kamawa. Amma in ka ɗaga murfi ka dube ta daga sama, ɓawon jikinta duk ya miƙe kamar bayan abarba, kumburin ya game jiki har wajen kai, idanu sun ɗan firfito. Ta daina cin abinci, ta maƙale fiffike tana haki a saman ruwa. Ruwa ne ya taru a jikinta, galibi in ƙoda ta gaza haka ake gani, kuma in ɓawo ya riga ya miƙe da wuya kifi ya tashi. Mai ciki, ko 'ya'ya nawa ta ɗauka, ɓawonta a kwance yake luf.

Na ware ta a wani mazubi, na sa ɗan gishirin Epsom (wani gishirin magani ne, ba na miya ba), na hana ta abinci. Haka ake yi wa kumburin ƙoshi ma, wanda ya fi yawa: a bar kifi kwana 2 ko 3 ba ci, sannan a dafa koren wake, a ɓare, a murtsuke a ba shi, sai ka ga kashi ya zubo ciki ya saki. Ita tata cutar ta wuce nan. Ta mutu.

Ranar sunan ɗiyar Gwaggo, a gaban surukai, Yaya ya ce na kashe kifi mai ciki da yunwa saboda rowa. Har da rantsuwa. Wai wanda masaƙa ta sallama, ina zai iya ciyar da ko kifi. Wannan kalmar ce ban manta ba, kifin kam an yi ɗaruruwa bayansa.

Na tuna ma, bara jikata ta kira ni a waya hankali tashe, wai gupinta ta haihu alhali babu namiji a tankin tun watanni, ko aljanu ne. Na ce mata macen tana adana maniyyin namiji a jikinta, ta yi ta haihuwa da shi sau da dama. Na kuma ce ta kwashe 'ya'yan maza-maza, don uwar cinye su take yi. Sai ta tambaye ni yadda za ta gane ciki a gaba, na ba ta maganar Inna: ta ƙirga kwanaki, wa'adi ba ya ƙarya. In wata ya wuce da rabi ciki na nan ba haihuwa, ta fara zargin ciwo. In kuma namiji ne ya kumbura, mai siririn fiffiken nan mai tsini a ƙarƙashi, ba sai an yi musu ba.

Yaya har yau bai janye ba. Da Sallar da ta wuce ya sake tayar da zancen, na ce masa Inna da tana raye da ita za ta raba mu, ya ce Inna mutane take karɓar haihuwarsu. Mako mai zuwa zan faɗa muku yadda aka yi rabon gidan Tudun Wada, da wanda ya riƙe takardun.