Yadda aka auna sinadaran kumburin da ke cikin kaina

Ina koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare a Maradi. Bayan farfaɗiya ta kayar da ni, hoton sikana ya nuna kumburi a ƙwaƙwalwata, kuma a gidanmu kowa ya yanke cewa cutar kansa ce. Likitana bai yarda a yi gaggawa ba. Ya tura ni babban asibiti a yi mini IRM, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da maganaɗisu, tare da awon sinadarai da ake kira sipektiroskopi.

Na'urar ɗaya ce da ta IRM, maganaɗisu ne mai ƙarfin tesla 1.5, babu haske irin na hoton X-ray a ciki. Ma'aikacin ya zaɓi ɗan wuri cikin kumburin, kamar santimita 2 kowane ɓangare, ya kauce wa ƙashi da kitse. Ya ce mini: "Malam, in ka motsa kai, aikin ya lalace." Gaskiyarsa. Ruwan ƙwaƙwalwa ya ninka waɗannan sinadarai sau dubbai, sai an danne siginarsa kafin a gan su, shi ya sa ko ɗan tari yana ɓata awo. Ƙarar kuwa kamar injin niƙa, duk da toshe kunne.

Abin da ya fito zane ne mai tsini-tsini, kuma nan ne hankalina ya fi tsayawa. Kowane sinadari yana da lambar wurin da tsininsa ke fitowa a kan zanen: sinadarin da ake kira NAA yana zama a 2.0, shi ke nuna lafiyar ƙwayoyin jijiya. Sinadarin kiriyatin yana 3.0, na kolin kuma yana 3.2. A yawancin kansar ƙwaƙwalwa kolin yana haurawa sosai, domin ƙwayoyi na ta rarrabuwa, NAA kuma ya faɗi. Nawa tsinin kitse ne ya miƙe a 1.3, kolin bai yi wani tashi ba. Likita ya ce wannan ya fi kama da dunƙulen tarin fuka, cutar da ba baƙuwa ba ce a yankinmu.

Bai tsaya kan zanen kaɗai ba, kuma na ga hikimar hakan: kansa mai ruɓewa a tsakiya ita ma tana fitar da kitse. Sai da ya haɗa da hoton ƙirji da awon majina kafin ya ɗora ni kan magani na wajen shekara. Hoton da aka sake daga baya ya nuna kumburin ya ragu.

Duk wanda za a tura, ya faɗi in akwai ƙarfe a jikinsa, ya tafi da tsofaffin hotunansa, ya kuma tabbatar likita ya rubuta awon sinadaran a takarda, domin ba kowane IRM ake haɗawa da shi ba.