Godiya ga waɗanda suka rufa mana asiri da iska ta yaye mana rufi

Salama a gare ku 'yan'uwa. Jiya Lahadi muka koma sujada a majami'armu, bayan mako 11 muna raɓe a ɗakin wasu. Dattawa sun ce in rubuta godiya a madadin ikkilisiya tunda ni ne sakatare. Na amsa, amma zan haɗa da tawa, don akwai bashin da ni kaɗai na ci.

Mutanen gari sun san abin da ya faru. Hadarin farkon damina ne, da yammacin wata Alhamis. Iska ta ɗaga kwanon rufin majami'ar har da katakonsa, ta kai shi gonar bayan makaranta ta ajiye kamar an naɗe tabarma. Littattafan Waƙoƙi muka tarar suna iyo tsakanin bencina. Da Laraba ce, da matan Zumunta suna ciki suna koyon waƙa. Ubangiji ya kiyaye.

Washegari, tun muna tsintar ƙusoshi, sai ga Katikis, malamin koyar da addini na cocin Katolika, a kan kekensa. Ya miƙa wa Baba Rabaran makulli ya ce, "Fada ya ce in kawo. Muna tashi daga Mas ƙarfe tara, daga nan zauren naku ne."

To ga bashina. A taron dattawa na daren nan, ni ne na miƙe na ce gara mu yi sujada a gindin mangwaro da mu zauna muna fuskantar siffar Maryamu. Mu 'yan cocin ECWA ne, a haka muka taso, kuma ban faɗa don ƙiyayya ba. Baba Rabaran ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Malam Sakatare, damina ce fa. Tsofaffi da masu goyo, kai za ka riƙe musu lema?" Na yi shiru.

Ranar Lahadi na riga kowa zuwa, ina shirin neman mayafin da zan rufe abin da ba nawa ba. Na tarar wurin fayau, sai alamar inda siffar take a jikin bango. Wata tsohuwa da ke shara ta ga ina waige-waige, ta ce, "Ɗana, mun shigar da ita ciki don kada hankalinku ya rabu. Ita ma ta san zaman baƙunci, ai a ɗakin dabbobi ta haihu." Ba wanda ya roƙe su. Mama, ban san ko jikokinki za su karanta miki wannan ba, amma kunyar da kika ba ni har yau ba ta sake ni ba. Na gode.

Kada wani ya ɗauka mun daidaita kan koyarwa. Ni da Katikis mun sha shayi sau da yawa a makonnin nan, kuma kullum sai ya zolaye ni cewa Littafinsu na da littattafai 73, namu 66, wai yaushe za mu zo mu karɓi cikon bakwai. Na ce masa ranar da ya yarda in nutsar da shi a rafi. Su da Angalika suna yi wa jarirai baftisma, mu da Baptis sai mutum ya girma ya shaida da bakinsa. Yana nan a kan bakansa, ina kan nawa, makulli kuma bai taɓa makara ba.

Matasan cocin Fentikos na bayan kasuwa, ku ma ina da magana da ku. Mu ne muka taɓa kai ƙararku wurin mai unguwa saboda lasifikarku ta hana mu barci daren addu'a. Wannan lasifikar da janaretanku su muka ara har mako 11. Ku ne kuma kuka hau sama da kafintoci cikin rana, kuna buga ƙusa kuna waƙa. Allah ya sāka.

Baptis sun aiko da benci, Angalika da 'yan Boys' Brigade masu ɗaukar katako, shugabannin CAN, ƙungiyar Kiristocin Najeriya, na ƙaramar hukuma sun zaga majami'u aka yi mana baiko na musamman. Maƙwabcinmu Alhaji mai sayar da kwano ya ba mu bashi a tsohon farashi, bai nemi takarda ba.

Ambulan da ya fi yi mini nauyi a hannu shi ne mafi ƙanƙanta. Daga 'yan'uwanmu na cocin EYN ya fito, waɗanda suka baro Gwoza da Michika a 2014 suka zauna a cikinmu. Dattijonsu ya ce, "Ku rufi kuka rasa, mu har da bango. Mun san yadda Lahadi take in ba ɗaki." Ban iya rubuta rasit a gabansa ba, sai da ya fita.

Ranar da aka buga kwanon ƙarshe, matan Zumunta na majami'u biyar suka haɗa murhu, kowace ƙungiya da irin zaninta. Kafin a ci tuwo aka ce a yi Addu'ar Ubangiji. Wasu sun yi alamar gicciye, wasu sun ɗaga hannu, mu muka sunkuyar da kai. Da aka zo wajen roƙon a cece mu daga Mugun, Katolika suka dakata kamar yadda suka saba a Mas, mu muka zarce da mulki da iko da ɗaukaka, sai suka biyo mu a guje. Amin ɗin dai tare ta fito, da dariya a cikinta.

Saura silin da kuɗin Alhaji, muna kan biya. Akwai kuma manyan tukwane biyu da muciya ɗaya a ofishina waɗanda ba mu san masu su ba. Ɗaya an rubuta mata harafin M da jan fenti a gindi. Mai ita ta aiko a ɗauka, ko ta zo da kanta mu gaisa.