Inda na kai: FreeBSD ɗina ta hau intanet

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyo. Tsohuwar kwamfutar teburin da na ɗora wa FreeBSD a gidanmu na Ƙofar Ƙaura ta hau intanet, alhamdulillahi. Ga yadda na bi, ko zai amfani wanda ya tsaya a wannan gaɓa.

FreeBSD babbar manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta, kamar Windows. Jikar Unix ce, ta fito a 1993 daga zuriyar BSD ta jami'ar Berkeley a Amurka. Halinta shi ne ba ta ɓoye maka komai, kuma ba ta yin abin da ba ka sa ta ba. Da na buga ifconfig, umarnin da ke lissafo kafofin sadarwar kwamfuta, sai ta nuna mini lo0 da re0. Na farkon ku bar shi, da shi take magana da kanta. Re0 shi ne katin Realtek inda waya ke shiga, mai katin Intel kuma galibi em0 zai gani. Na jawo waya daga rautar da ke da layi a ciki, na rubuta ifconfig_re0="DHCP" (wato ta nemi adireshi daga rauta da kanta) a cikin fayil ɗin saiti /etc/rc.conf, sannan service netif restart. Nan take rauta ta ba ta adireshi mai farawa da 192.168.

Shawarata ita ce kada ku yi saurin cewa sabis ne babu. Ku gwada hawa-hawa. Fara yi wa rautar ping, wato aika mata ɗan saƙon gwaji ka ga ko za ta amsa. Umarnin netstat -rn zai nuna maka adireshinta a layin default. In ta amsa, gwada 8.8.8.8, lambar wata sabar Google da ke intanet. In wannan ma ya amsa, sai ka gwada suna kamar freebsd.org. Lamba na amsawa amma suna ya ƙi? To matsalar ta mai fassara suna zuwa lamba ce, ka leƙa /etc/resolv.conf ka ga ko akwai layin nameserver. Kowane gwaji yana nuna maka daidai inda hanya ta yanke.

Abin da ya fi cin lokacina bai ma shafi waya ba. Ping yana tafiya lafiya lau, amma duk adireshin https da na nema da fetch, umarnin saukar da fayil daga intanet, sai ta ce takardar shaidar shafin ba ta inganta ba. Da na buga date, ashe kwamfutar tana can shekarun baya. Ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo da ke kan allon ciki, CR2032, ya mutu, shi ya sa duk sanda aka ɗauke wuta agogo ke komawa baya. Ita kuwa takardar shaida tana da ranar fara aiki da ranar ƙarewa, in agogonka bai faɗa tsakaninsu ba dole a ƙi ta. Mu da muke sayen kwamfutoci na hannu kuma wuta ba ta zama, wannan zai sami da yawa daga cikinmu. Na sa ntpd_enable="YES" da ntpd_sync_on_start="YES" a rc.conf domin ta riƙa daidaita lokaci da kanta, na zaɓi Najeriya a tzsetup, inda ake saita yankin lokaci, na kuma sayo sabon batiri wurin mai gyaran agogo.

Na gwada da wayar hannu ma, saboda ranar da datar rauta za ta ƙare. Na haɗa Android da kebul, na kunna raba intanet ta USB, na buga kldload if_urndis domin ta gane wayar, sai sabuwar kafa ue0 ta bayyana. Umarnin dhclient ue0, mai nemo adireshi, ya ƙarasa aikin. Ku tabbata kebul ɗin mai ɗaukar bayanai ne, don wasu caji kawai suke yi.

Manyan manhajoji sai dare nake sauke su da pkg, umarnin ɗora manhajoji, lokacin da data ta fi araha. Saura Wi-Fi: sysctl net.wlan.devices bai nuna mini komai ba a kan ɗan katin USB da nake da shi. Wanda ya san irin da FreeBSD ke karɓa kuma ana samunsa a nan Katsina, don Allah ya faɗa mini kafin in saya.