Ɗan wanzami ya kulle ƙofa

Asabar. Yau dai Yaya ya cika alkawari, ya kai mu Petworth. Auta ta ɓingire da barci tun ba mu fita Landan ba. Anti kuwa ta ƙullo mana dambun nama da burodi, kai ka ce Hajji za mu.

Petworth gida ne tangameme a kudancin Ingila, bareyi sun cika filin da ya kewaye shi, ko ɗaga kai ba sa yi su dubi mutum. Tun 1947 aka miƙa shi ga National Trust, ƙungiyar da ke kula da gidajen tarihi, amma zuri'ar masu shi na nan zaune a wani sashe.

Ni zanen Turner, shahararren mai zanen nan na Ingila, na je gani. Guda huɗu suna cikin ɗakin nan mai sassaƙen katako, an maƙala su ƙasa-ƙasa, sai na ranƙwafa kafin na ga hasken ranar da kyau. Ashe da gangan ne: ɗakin cin abinci ne a da, an daidaita su da idon wanda ke zaune a teburi.

Dattijuwar da ke tsaron ɗakin ce ta jawo mana gardama. Ta ce Turner ɗan mai aski ne daga unguwar Covent Garden a Landan, amma mai gidan, Lord Egremont na uku, ya ware masa ɗaki guda a sama don ya yi aikinsa. Yakan zo ya yi makonni, ya ci ya sha, ya sauka tafki kamun kifi. In ya shiga aiki sai ya datse ƙofa. Wai mai gidan kaɗai yake buɗe wa, shi ma sai ya ƙwanƙwasa.

Yaya ya ce, "Ɗan wanzami, a gidan mutum, ya kulle masa ƙofa? Wannan ai rashin ta-ido ne."

Na ce, "Yaya, mai gidan fa bai yi ƙorafi ba."

"Don ya fi shi hankali. Baƙo ai raɓa ne."

Ya faɗa yana dariya, ba da ni yake ba, na sani. Amma maganar ta tsaya mini a wuya har muka dawo. Wata bakwai ke nan ina gidansu. Ban taɓa murɗa makullin ɗakina ba, ina jin nauyi. Kayan zanena suna cikin jaka ƙarƙashin gado, sai kowa ya kwanta nake baza su a teburin kicin, in tattare kafin asuba. Babu wanda ya sa ni. Ina jin da na roƙi Yaya ɗan lungun nan na bayan falo, a take zai ba ni. Bakin ne ya ƙi buɗuwa.

Egremont ya rasu a 1837. Turner ya halarci jana'izarsa, zaman Petworth kuma ya ƙare daga nan, ko da yake shi ya rayu har 1851. Alhali a lokacin gidan na nan, tafkin na nan, 'ya'yan marigayin na nan. Wannan ma ya dame ni, ban san dalili ba.

Dambun nama ya ƙare tun a mota. Auta ta bar safarta ɗaya a can.

Ɗazu Anti ta turo ƙofata tana neman caja, ta ce, "Au, ba ki yi barci ba?" Na ce yanzu zan yi. Jakar na nan inda take.