Lissafin da yake cikin kan Baba

Shekara tara na yi ina sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu, wani ƙauye a yankin Auyo, kusa da kogin Haɗeja. A shekaru shida na farko, sunan kawai nake riƙe da shi. Komai na ƙungiyar yana hannun dattijon da ya kafa ta, wanda babba da yaro muke kira Baba. Kuɗin wata-wata da muke tarawa, da abin da 'ya'yan garin da ke Kano da Legas suke aikowa, duk asusunsa na banki suke shiga. Lissafi kuwa yana cikin kansa, sai ɗan abin da yake rubutawa da ajami a bayan kalandar da ke rataye a zaurensa.

Baba bai taɓa cin ƙwandalar kowa ba. Na sha ganinsa ya cika kuɗin gyaran famfo daga aljihunsa, bai gaya wa kowa ba. Wannan amanar tasa ce ta sa muka miƙe ƙafa.

Sai daminar 2022 ta zo da ambaliyar da ta cinye gonakin shinkafa, ta rushe gidajen ƙasa a sassan Jigawa da dama. Muna tsaka da neman buhunan da za mu cika da ƙasa mu tare ruwa, Baba ya faɗi a bakin masallaci. Ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke, aka wuce da shi asibiti a Kano. Na ɗauki ma'ajinmu muka tafi banki a Haɗeja, laka har gwiwa. Ma'aikacin ya duba kwamfuta, ya dube mu da tausayi, ya ce, "Malam, wannan ai asusun mutum ɗaya ne. Babu sunan ƙungiya a nan." Gaskiyarsa ce. A makon nan kuma wasu masu raba kayan agaji suka tambaye mu takardar rajista da kundin tsarin mulki da rubutattun bayanan taro. Ko ɗaya ba mu da shi. Suka bi ta hannun wata ƙungiyar.

Da ruwa ya janye, muka taru a ƙofar gidan dagaci. Ina fara maganar a buɗe asusu da sunan ƙungiya, a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a, sai babban ɗan Baba ya miƙe, jikinsa na rawa. "Wato kuna nufin mahaifina ya ci amanarku ke nan?" Wuri ya yi tsit. Liman ne ya cece mu. Ya ce, "Zauna, ɗana," sannan ya karanto aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, inda aka umarci muminai su rubuta bashi su kafa shaidu. Ya ce waɗanda aka fara yi wa wannan umarni sahabbai ne, kuma babu mai zarginsu da rashin amana. In kana da kyau, ka ƙara da wanka. Daga ranar ban ƙara jin wani ya kira neman lissafi cin fuska ba.

Rajistar ta ɗauke mu watanni. Dokar kamfanoni ta 2020 ta tanadi cewa ƙungiya irin tamu ta yi rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da sunayen amintattu, a buga sanarwa a jarida, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Banki kuma ya nemi takardar SCUML, sashen da ke ƙarƙashin EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram. Duk wannan wahalar zirga-zirga ce kawai, ta wuce.

Inda muka yi kuskure shi ne wajen zaɓen amintattun. Mun ɗauka manyan sunaye ne za su ƙara mana daraja, muka sa mutum biyu daga cikin 'ya'yan garin da ke aiki a birni. Mutanen kirki ne, amma taro huɗu a jere ba mu ga ƙeyarsu ba, kuma in adadi bai cika ba, shawara ba ta yankuwa. Sauya amintacce a hukumance kuwa sai an sake komawa CAC, an sake kashe kuɗi. Yanzu tambayar farko da muke yi wa duk wanda aka kawo sunansa ita ce: za ka iya zuwa firamaren gari bayan la'asar, sau ɗaya a wata uku?

Shawarar da na fi alfahari da ita, ba ni na kawo ta ba. Wani matashi ne ya ce, tunda muna neman wanda ya iya riƙon kuɗi, me ya hana mu ɗauko uwar adashin matan gari? Dattijuwa ce da ta shafe shekaru tana karɓa tana rabawa, ba a taɓa jin kanta da kowa ba. An yi ta gunaguni, amma aka yarda ta zama ma'aji. Ita ce ta kafe cewa duk naira goma da ta shigo, a ware ɗaya a ajiye, kada a taɓa sai amintattu sun amince. Ta ce ba a fafe gora ranar tafiya. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin man injin ban-ruwa ya ninka, wannan ɗan ajiyar ne ya taimaka muka tayar da injin haɗin gwiwa a farkon noman rani.

Ni ma tsarin ya taɓa ni. Za a ba da aikin gyaran rijiyar burtsatse, mijin ƙanwata yana cikin masu nema. Hajiya ma'aji ta dube ni ta ce, "Malam Sakatare, ɗan ba mu wuri." Na fita na tsaya a gindin darbejiya, raina a ɓace, ina jiyo muryoyinsu ta taga. Ni ne na rubuta wannan ƙa'ida da hannuna, amma sai a ranar na san nauyinta. Wani aka bai wa aikin, wata biyu ƙanwata tana gaishe ni sama-sama.

Yau mutum uku ne ke da ikon sa hannu a asusun, kuma sai biyu sun haɗu kuɗi ke fita. Littafin lissafi kwafi biyu ne, a gida biyu. Wa'adin kowane muƙami shekara uku ne. Da nawa ya cika, na miƙa littattafan ga wani malamin makaranta da na girme shi da shekara goma sha biyar, bayan ya yi wata shida yana zama kusa da ni a taro.

Bayan kowane taro, mukan wuce zauren Baba da littafin. Har yanzu maganarsa ba ta dawo sosai ba. Sabon sakatare yakan durƙusa ya karanta masa abin da ya shigo da abin da ya fita. A zuwanmu na ƙarshe, da aka zo kan kuɗin bututu, Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya girgiza kai. Muka sake lissafawa, ashe an tsallake naira ɗari biyar na ɗan acaɓan da ya ɗauko kayan.