Allunan bakin kogin Muskingum

Asabar da dare. 'Yata Ummi ce ta ja mu tafiyar yau. A nan Ohio 'yan aji huɗu ake koya wa tarihin jiha, malamarsu kuma ta ce kowa ya ɗauko hoton allon tarihi guda ya yi bayani a kai. Allunan nan ne na ƙarfe masu ruwan ƙasa da rubutun ruwan zinare da ake kafawa a gefen titi, waɗanda mutum ke wucewa kullum bai ko rage gudu ba. Na ce in za a yi, a je tushe. Da sassafe muka bar Columbus zuwa Zanesville, daga nan muka gangara kudu a hanya mai lamba 60, kogin Muskingum na gefenmu.

Da yake daga arewa muka taho, ta wutsiya muka kamo labarin. Mun ratse kusa da Stockport zuwa wani wuri da ake kira Big Bottom. Fadama ce shimfiɗaɗɗiya a bakin ruwa, da dogon farin dutse na tunawa a tsakiya. A nan ne ranar 2 ga Janairun 1791 mayaƙan Lenape da Wyandot, ƙabilun 'yan asalin ƙasar, suka far wa wasu baƙi da suka zo sarar gona, gidan katakon da suke fakewa ma ba su gama shi ba. An kashe mafi yawansu, har da mace da yara. Ummi ta bi rubutun da yatsa har ƙasa, sannan ta ɗago.

"Abba, me suka yi musu?"

Na ce ƙasa ce. Waɗannan sun biya kuɗi sun riƙe takarda, waɗancan kuma ba su yarda an taɓa sayar da ƙasarsu ba. Ta yi shiru har muka shiga mota.

Marietta tana inda Muskingum ke zuba a kogin Ohio, kuma ko'ina ka waiga allo ne. Ranar 7 ga Afrilun 1788 mutum 48 suka sauka a nan ƙarƙashin Rufus Putnam, tsohon hafsa a yaƙin neman 'yancin Amurka. Kamfaninsu, wanda aka kafa a Boston a 1786, ya ƙulla cinikin kusan eka miliyan ɗaya da rabi da majalisar ƙasa. Gwamnati ba ta da kuɗin biyan tsofaffin sojojinta sai takardun bashi, da irin takardun nan aka biya. Cikin hunturu suka ƙetare duwatsun Pennsylvania, suka sassaƙa jiragen ruwa, suka biyo ruwa. Sunan garin na sarauniyar Faransa ne, Marie Antoinette, tukuicin taimakon da ƙasarta ta ba su a yaƙi. Mun shiga gidan Putnam, wanda yanzu ginin gidan tarihi na Campus Martius ya rufe shi gaba ɗaya. Katakon da kauri, ɗakunan da duhu. Ban raina wahalarsu ba ko kaɗan. Na san yadda sanyin ƙasar nan yake ko da na'urar ɗumama ɗaki, balle wanda ya kwana da iyali a bayan katako yana kasa kunne.

Bayan azahar muka ci abinci a bakin ruwa muna kallon tsallake. Dokar 1787 da ta buɗe yankin nan ta haramta bauta a arewacin kogin Ohio. Wancan gefen kuwa Virginia ce a lokacin, ana saye da sayar da mutane. Na daɗe ina kallon faɗin ruwan. Ba shi da yawa. Na nuna wa Ummi, na ce akwai waɗanda suka ƙetare shi da dare don su mallaki kansu.

Amma inda ya fi tsaya mini a rai shi ne maƙabartar tudu. A tsakiyar kaburbura akwai tudun ƙasa mai tsayin kamar ƙafa 30, da kwari kewaye da shi irin na ganuwa. Hannu ne ya tara shi, na mutanen da masana ke kira Adena, shekara wajen 2,000 da suka wuce. Muka hau matakala har ƙoli. Putnam da mutanensa sun tarar da shi suka hana a rushe, daga baya suka mai da kewayensa maƙabartarsu, shi kansa a gindin tudun yake kwance. Na yaba musu, domin a wurare da dama garma ce ta cinye irinsa. Sai dai kuma daga can sama kalmar "na farko" da allunan gari ke kiran su Putnam da ita ta yi mini nauyi. Na farko a cikin Amurkawa, i. Amma kwarin nan ba kufai suka tarar ba. Bayan yaƙin Fallen Timbers a 1794 da yarjejeniyar Greenville a 1795, mafi yawan Ohio ya fita daga hannun masu ita. Wyandot su ne na ƙarshe, an tashe su zuwa Kansas a 1843. Su Lenape ma dama turo su aka yi daga gabas. Allon mai zuwa yakan zo da ranarsa da sunansa da yawan mutanensa. Mai tashi kuwa sai ka tona kafin ka samu.

Wani dattijo da muka haɗu da shi a gindin tudun ya ce a garin nan ma ake zuba allunan, a masana'antar Sewah, a kai su jihohi daban-daban. Ummi ta rubuta wannan a littafinta.

A hanyar dawowa na tambaye ta wanne za ta kai makaranta. Ta ce na tudu, amma za ta haɗa da na Big Bottom in malama ta yarda da biyu. Na ce ta sa 1843 a ciki. Gobe bayan Islamiyya za mu zauna mu rubuta.